MAKULLIN RUMBU YA KOMA CIKIN WAYA

 A wannan fitowa ba za mu yi maganar iri ko taki ba. Za mu yi maganar wani abu ƙarami da ke cikin aljihun kowa, wanda kuwa ya isa ya hana ƙungiya ɗungum cin guminta, watau wayar hannu, da yadda takan ƙi buɗe wa mutum asusunsa daidai ranar da ya fi bukata.

DAGA DALAR GYAƊA ZUWA SAƘON WAYA

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manomin ƙasar nan ya san hanyar kai amfaninsa birni. Kakanninmu sun kai gyaɗa wurin wakilan saye, aka auna a gabansu, aka ƙirga musu kuɗi a tafin hannu, aka jera buhuna har suka zama dala. Kuturtar gyaɗa ta 1975 ta karya wannan ciniki, sa'an nan a 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Daga nan ya zama manomi da ɗan kasuwa da mai masana'anta su ne ke fuskantar juna kai tsaye.

Masana'antun Kano kuwa sun fi taruwa a wurare uku. Bompai ita ce babba a shekaru, gama tun zamanin Turawa aka fara kafa injuna a can. Sharaɗa da Challawa sun biyo baya, suka bunƙasa a shekarun 1970. Challawa ta yi suna wajen jimar fata. Ko da yake kamfanoni da yawa sun rufe saboda rashin wutar lantarki da tsadar aiki, har yanzu akwai masu matsar mai, da masu casar shinkafa, da masu yin abincin kaji, da masu narka roba. Waken soya da gyaɗa da masara da shanshera na gonakinmu suna ƙarewa a can, ko ta hannunmu ko ta hannun dillalan Dawanau. 'Ya'yanmu da yawa kuma a can suke aikin ƙarfi, suna aiko wa gida abin sayen taki.

Abin da ya sake shi ne hanyar biya. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. A 2012 Ministan Gona na lokacin, Akinwumi Adesina, ya kawo shirin da ake aiko wa manomi saƙo a waya ya je ya karɓi buhu 2 na taki a rabin kuɗi. Shirin ya wuce, amma ya koya mana cewa lambar waya tana iya zama shaidar mutum. Sai kuma farkon 2023, bayan an sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, takardar kuɗi ta yi wuyar gani, har wanda bai taɓa taka ƙofar banki ba ya nemi asusu. Yau in ka kai kaya kamfani, ba safai za a miƙo maka kuɗi a hannu ba. Sai a ce ka kawo lambar asusu.

ABIN DA YA SAME MU

Bayan girbin 2024, ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu ta kudancin Kano ta tara waken soya, aka yi hayar mota aka kai wani kamfanin matsar mai a Sharaɗa. Aka hau sikeli, aka ba da takarda, bayan kwana 2 akawun kamfanin ya tabbatar an tura kuɗin. Kamfani bai ci mana ko kwabo ba. Amma ƙungiyar ba ta da asusu da sunanta, asusun ma'aji ake amfani da shi. Ga shi kuwa wayar ma'ajin ta faɗa rijiyar lambu tun makon da ya gabata.

Ɗansa da ke aiki a wani kamfanin roba ya sayo masa wata ta hannu, ya sa masa manhajar bankin. Manhaja ta ce ta aika da lamba zuwa layinsa. Suka jira har rana ta faɗi, ba saƙo. Ashe layin da aka buɗe asusun da shi ba shi ne dattijon ke kira da shi yanzu ba. Wani tsohon layi ne da aka rufe a watan Satumba na 2024 saboda ba a haɗa shi da lambar zama ɗan ƙasa ba, shi kuwa ya jefa shi cikin gwangwani ya manta. Yaron ya ce, "Baba, to ko ka tuna kalmar sirrin?" Dattijo ya faɗi ɗaya, ba ita ba ce. Ya faɗi ta biyu da ta uku, sai manhaja ta kulle gaba ɗaya.

Kwana 11 aka yi ana wannan fama, da zuwa Kano har sau 3. A ofishin kamfanin waya aka tarar sunan yanka ne a rajistar layin, sunan baftisma kuwa a katin ɗan ƙasa, sai da aka daidaita su. Amma asarar kuɗin mota ba ita ce ta fi zafi ba. A cikin kwanakin nan ƙananan maganganu suka fara yawo a ƙauye. Waɗansu suka ce dattijo ya juya kuɗin ne. Wata gwauruwa da ke jiran rabonta don kuɗin makarantar ɗanta ta zo ƙofar gidansa da kuka. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe da baikon ekklesiya ba a taɓa samunsa da ha'inci ba, ya kasa zuwa sujada ranar Lahadi don kunya. Da kuɗin suka fito cif, ba ragin ko naira ɗaya, waɗanda suka yi maganar suka je suka roƙi gafara. Ya yafe, amma ya ce a nemi wani ma'aji. Saboda wannan ne muka ga ya wajaba mu rubuta.

MAKULLAI HUƊU

Mu ɗauki asusu kamar rumbu mai ƙofa ɗaya da kwaɗo huɗu. In ɗaya ya ƙi, ƙofa ba za ta buɗe ba, ko da hatsin naka ne.

Na ɗaya, layin waya. Dattawanmu in suka ji an ce SIM sai su tuna da mishan ɗin da ya kafa asibitin ido na Kano, amma a bakin yaran yau ɗan ƙaramin katin nan ne da ake sakawa cikin waya. Banki da WhatsApp ba su san fuskarka ba, lambar layinka suka sani. Duk sa'ad da ka sake waya, sukan aiko da 'yar lamba ta saƙo don su tabbatar kai ne. Wannan lamba kuwa ba ta daɗewa, cikin mintoci kaɗan take mutuwa.

Na biyu, lambobin shaida. BVN ita ce shaidarka a bankuna duka, an fara ta a 2014. NIN kuwa ita ce lambar zama ɗan ƙasa, wadda hukumar NIMC ke bayarwa. Kowacce lamba 11 ce. Tun watan Disamba na 2020 aka ba da umurni a haɗa kowane layi da NIN, a ƙarshen 2023 kuma Babban Bankin Nijeriya ya ce ko ƙaramin asusu ma sai an haɗa shi da BVN ko NIN. In suna ko ranar haihuwa sun saɓa, Bitrus a nan, Peter a can, inji ba ya jin bayani.

Na uku, kalmar sirri da lambar sirri. Kalmar sirri ita ce ta shiga manhaja, lambar sirri kuwa ta fitar da kuɗi. Mutane da yawa suna rikita su, suna zuba wannan a gurbin waccan.

Na huɗu, wayar kanta. Babbar waya irin ta Android tana ɗaure da asusun Google, watau adireshin imel da kalmar sirrinsa. Mai shagon da ya sayar maka da wayar sau da yawa shi ne ya buɗe maka shi cikin gaggawa, kai kuwa ba ka rubuta ba. Ranar da aka wanke wayar aka mai da ita kamar sabuwa, za ta nemi wannan tsohon asusu kafin ta yarda ta yi aiki. An yi haka ne don a hana ɓarawo morar wayar sata, amma yana kama mai ita ma in ya manta.

IN ƘOFA TA ƘI BUƊUWA

Abu na fari shi ne haƙuri. Yawancin bankuna sukan kulle asusu in an yi kuskure sau 3 a jere. Saboda haka in ka gwada sau 2 bai yi ba, ajiye wayar, ka bi waɗannan matakai daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

1. Duba sabis da data. Buɗe wani abu dabam a intanet ka gani ko zai buɗe. In bai buɗe ba, laifin ba na kalmar sirrinka ba ne. Kashe wayar ka kunna, ko ka fita fili. Cikin manyan ɗakunan ajiya masu rufin ƙarfe irin na kamfanoni, sabis yakan yi rauni.

2. Tambayi maƙwabci mai banki irin naka. Wani lokaci bankin ne ya tsaya. Ranar 14 ga Maris 2024 waɗansu manyan wayoyin intanet da ke kwance a ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da yawa suka kasa aiki daga Nijeriya har Ghana da Kwaddibuwa. Wanda ya yi ta dannawa a ranar, wahalar banza ya sha.

3. Duba kwanan wata da agogon wayar. Wayar da batirinta ya mutu ƙurmus takan farka da kwanan watan da ya wuce, manhajar banki kuwa ba ta yarda da wayar da agogonta ya kauce. Sa ta ta riƙa daidaita kanta da sabis.

4. Duba rubutunka. Ga kalmar sirri, babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne, sifiri kuma ba harafin O ba ne. Akwai ɗan hoton ido a gefen gurbin, in ka taɓa shi za ka ga abin da ka rubuta. Hannun da ya sha fartanya yakan danna biyu a wuri ɗaya, ba abin kunya ba ne.

5. In lamba ba ta zo ta saƙo ba, ka tabbata layin da banki ya sani yana cikin waya, yana kuma karɓar saƙo. Manhaja takan nuna lambobin ƙarshe na layin da ta aika wa, ka karanta su da kyau. In layin yana cikin ƙaramar waya mai madannai, share tsofaffin saƙonni, gama in ta cika sabo ba ya shiga. Kada ka yi ta neman sabuwar lamba a kai a kai, domin ta ƙarshe ce kaɗai ke aiki.

6. In da lambobin dannawa kake aiki, masu farawa da tauraro, to daga layin asusun kaɗai za su yi. Mai waya mai layi 2 ya lura da wanda ya zaɓa. Tun tsakiyar 2025 kuma daga katin waya ake cire ladan wannan aiki, kusan naira 7, saboda haka layin da ba kati a ciki yana iya ƙi.

7. Sabunta manhajar, amma daga Play Store kaɗai. Kada ka karɓi manhajar banki da wani ya turo maka daga wayarsa ko ta WhatsApp.

8. In mantuwa ce, akwai wurin da aka tanada don sake kalmar sirri a ƙarƙashin gurbin shiga. Zai nemi lambar saƙo, wani lokaci da lambobin katin cire kuɗi ko hoton fuskarka. In za a ɗauki fuska, tsaya inda akwai haske, ka cire hula. Ga asusun Google kuwa, ya fi sauƙi a dawo da shi daga wayar da aka saba shiga da ita.

9. In duk wannan bai yi ba, ɗauki katin shaidarka ka tafi banki da ƙafarka. In layi ne ya ɓace ko aka rufe, ofishin kamfanin waya za ka fara zuwa da NIN ɗinka, a ba ka sabon kati mai tsohuwar lambarka. Wanda ya manta NIN ɗinsa yana iya danna *346#, wanda ya manta BVN kuwa *565*0#, daga layin da ya yi rajista da shi, akwai ɗan ladan da za a cire. In kamfanin waya ya ƙi sauraronka, hukumar sadarwa ta NCC tana da lamba 622, kyauta ce. In banki ya wuce mako 2 bai warware kukanka ba, kana da ikon kai ƙara sashen kare masu ajiya na Babban Banki.

SAI BANGO YA TSAGE

Ɓarayin zamani sun san mutumin da ƙofarsa ta ƙi buɗuwa yana cikin ruɗewa, nan ne kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani zai kira da murya mai daɗi, ya faɗi sunanka daidai, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka yau in ba ka karanto masa lambar da aka aiko maka ba. Wani zai ce an sa sunan ƙungiyarku cikin masu samun rancen taki. Wani ma zai shigo zauren WhatsApp na ekklesiya da sunan fasto, ya ce za a yi taron addu'a ta waya, a turo masa lamba 6 da za ta shigo. Wannan lamba 6 ita ce makullin WhatsApp ɗinka. Da ka ba shi, sai ya zama kai, ya shiga roƙon 'yan'uwa kuɗi da sunanka.

Ku riƙe wannan da kyau: ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirrinka, ko kalmar sirrinka, ko lambar da ta zo ta saƙo. Duk wanda ya nema, kashe wayar. Wanda aka ƙwace wa WhatsApp ya sake yin rajista da layinsa nan da nan, gama sabuwar lamba za ta fitar da ɓarawon. In ɓarawon ya riga ya ɗora tasa lambar tsaro, sai an jira kwana 7. Maganin wannan shi ne kai ka riga shi ɗora taka tun yau, a wurin da ake kira tabbatarwa ta mataki biyu.

In za ka kai waya gyara, ko a kasuwar waya ta Farm Centre ko a ƙauye, cire layinka ka riƙe a hannu. Masu gyara da yawa mutanen kirki ne, amma layi makulli ne, ba a barinsa a jikin ƙofa. A wurin mai POS kuma ka danna lambarka da kanka, ka kāre da ɗaya hannun. Kada lambar sirrinka ta zama 1234 ko shekarar haihuwarka.

GA 'YA'YANMU NA BOMPAI DA SHARAƊA DA CHALLAWA

Ku ne idon iyayenku a wannan sha'ani, muna kuwa gode muku. Amma muna roƙonku abu uku. Kada ku buɗe wa Baba ko Inna asusu da layinku, domin ranar da kuka sake wurin aiki ko wayarku ta ɓace a mota, kuɗinsu sun maƙale. Kada ku riƙe kalmar sirrinsu a kanku kaɗai, ku zauna ku koya musu, ko da zai ɗauki yini. Layin da albashinku ke shiga kuma kada ku bar shi ya kwanta. Layin da ya yi watanni ba a taɓa shi ba akan dakatar da shi, in ya daɗe ƙwarai a sayar wa wani da lambar, saƙon bankinku kuwa ya riƙa zuwa hannun baƙo.

ABIN DA KOWACE ƘUNGIYA ZA TA YI KAFIN KAKA

Rigakafi ya fi magani. Muna ba kowace ƙungiya shawara ta sa waɗannan a taronta na gaba.

Na fari, a yi wa ƙungiya rajista, a buɗe asusu da sunanta, da masu sa hannu 3, kuɗi kada su fita sai 2 sun yarda. Wannan kāriya ce ga kuɗin, kāriya ce kuma ga mutuncin ma'aji. In an sake shugabanni, a kai wa banki takardar shawarar taro a cikin makon nan, kada a jira sai an sayar da kaya.

Na biyu, a keɓe layi ɗaya don saƙon asusun ƙungiya, a san wanda aka yi rajistarsa da sunansa, a riƙa sa masa kati ana kira da shi kowane wata. A ajiye kwalin da layin ya zo a ciki, gama lambar buɗe shi tana jiki in ya kulle.

Na uku, magatakarda ya buɗe littafi, ya rubuta sunan banki, da lambar asusu, da layin da aka ɗaure da shi, da lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya in an yi sata. Ku tambayi bankinku wannan lamba tun ba a yi satar ba. Lambar sirri kuwa ba ta shiga wannan littafi. Wanda ke tsoron mantuwa ya rubuta tasa a takarda, ya ɓoye a gida inda yake ajiye takardun gona, ba a bayan waya ba.

Na huɗu, kowane ɗan ƙungiya ya kawo takardunsa a duba ko sunan da ke NIN da BVN da rajistar layi ɗaya ne. In da saɓani a gyara da rani, lokacin da ba aikin gona. Zumuntar mata ta kula da gwauraye da tsofaffi musamman, domin sau da yawa layin da suke riƙe da shi da sunan marigayi yake.

Na biyar, mako ɗaya kafin a ɗora kaya a mota, masu sa hannu su gwada shiga asusun, a tura ɗan ƙaramin kuɗi a gani ko saƙo zai zo. Ba a gyaran rumbu ranar da dami ke ƙofa.

Na ƙarshe, in jinkiri ya faru duk da haka, kada ma'aji ya yi shiru shi kaɗai don kunya. Ya faɗa wa shugaba a ranar, a nuna wa jama'a takardar sikeli da shaidar biya, mutum biyu su raka shi banki. Mu kuma sauran mu kame bakinmu har gaskiya ta fito. Kuɗin da suka maƙale a waya sukan fito bayan kwanaki, amma sunan ɗan'uwa in an ɓata shi yakan daɗe bai gyaru ba.

Dattijon nan da muka ba ku labarinsa, bayan fasto da dattawa sun yi ta roƙonsa, ya yarda ya ci gaba da riƙon amana, amma da sharaɗi: sai an buɗe asusu da sunan ƙungiya, an kuma ƙara masa mutum biyu. An yi haka, ɗaya daga cikinsu kuwa gwauruwar nan ce.

Muna roƙon magatakarda ya karanta wannan a gaban taro saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya tsare aikin hannuwanmu, ya kuma riƙe zumuncinmu. Amin.